Interstellar: kowa na kukan Murph, ina masu kukan Tom?

Manomin_Bakori ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ya sanyi?

Shekaranjiya da daddare na sake kallon Interstellar, karo na huɗu ke nan. Fim ɗin Christopher Nolan ne na 2014, mai tsawon minti 169. Wanda bai kalla ba ya dakata daga nan, domin zan fasa ƙwai tun daga farkonsa har ƙarshe.

Ni manomin masara ne, ita na tashi na tarar ana nomawa a gidanmu. Shi ya sa fim ɗin ya kama ni tun kafin a harba ko kumbo ɗaya. An nuna duniyar da cuta ta cinye alkama, ta koma kan kuɓewa, saura masara kaɗai ta rage wa mutane. Wurin da maƙwabcin su Cooper, jarumin fim ɗin, ya cinna wa gonar kuɓewarsa wuta, hayaƙi na tashi daga nesa, sai da gabana ya faɗi. Duk wanda ya ga abin da tsutsa ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ko ya taɓa buɗe kan masara da safe ya tarar tsutsa ta huda tsakiyarta, ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Ga ƙura kuma. Tsofaffin da ake hira da su a farkon fim suna ba da labarin yadda ake kifa faranti a kan teburi don kar ƙura ta cika shi, kamar dai yadda iyayenmu mata ke rufe kwano da faifai in hunturu ya kankama. Daga baya na gano cewa yawancinsu ba 'yan wasa ba ne, mutane ne da suka rayu cikin bala'in ƙurar da ta afka wa Amurka a shekarun 1930.

To amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Tom ne.

Cooper yana da 'ya'ya biyu, Tom mai shekara 15 da Murph mai shekara 10. Tun a makaranta aka yanke wa Tom hukunci, aka ce makinsa bai kai na jami'a ba, gona zai koma. Ran da uban zai tafi sararin samaniya neman wa mutane wata duniyar zama, ya daɗe a ɗakin Murph yana lallashi, ya ba ta agogo, ya yi mata alkawarin zai dawo. Tom fa? An rungume shi a ƙofar gida, an bar masa mota da amanar gona. Shi ke nan.

Sai mu zo wurin da kowa ya yarda shi ne zuciyar fim ɗin: Cooper ya dawo daga duniyar ruwa ya tarar shekara 23 sun wuce, ya zauna gaban allo yana kallon saƙonnin da suka taru. Ku duba da kyau, waye ya turo su? Tom ne. Shi ya ce ya gama makaranta. Shi ya nuna hoton yarinyar da zai aura. Shi ya ɗaga jaririnsa gaban kyamara don kakansa ya gan shi. Shi ya dawo ya ce yaron ya rasu, kaka Donald ma ya rasu, an binne su a bayan gona. Shekara da shekaru yana magana da bango, ba amsa ko ɗaya, har matarsa ta ce ya haƙura ya saki. Murph kuwa ba ta ce uffan ba sai ran da shekarunta suka kai na ubanta lokacin da ya tafi, nan ma gori ta zo yi masa.

Daga nan kuma fim ya juya wa Tom baya. Aka mai da shi mai taurin kai da ya ƙi barin gona alhali ƙura na cin huhun matarsa da ɗansa, ya naushi likita, 'yar'uwarsa ta banka wa masararsa wuta. A ƙarshe Cooper ya farka a tashar da ke kusa da Zuhal, aka ce shekarunsa 124, ya ga Murph ta tsufa a gadon asibiti. Na kasa kunne, na mayar da wurin baya har sau biyu. Bai tambayi Tom ba. Ko sau ɗaya bakinsa bai ce "ina ɗana?" ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ina ɗan shekara 12 mahaifinmu ya tafi Saudiyya neman kuɗi, ya yi shekara takwas bai zo ba. Ni ne babba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare na riƙe gona tare da kawunmu. Lokacin ba waya a hannun kowa, kaset ake yi. In an ji wani alhaji zai tafi, sai Inna ta aro rikoda, a rufe ƙofar ɗaki, a kori kaji daga bakin zaure, kowa ya zo ya yi magana. Ni ne mai ba da rahoto: buhu nawa aka samu, nawa aka sayi taki, saniya ta haihu, rufin ɗakin Inna na yoyo. Ƙanwata kuwa in an miƙa mata sai ta ce "Baba ina wuni" ta ruga da gudu. In kaset ɗinsa ya zo, rabinsa tambayarta yake yi.

Allah ya ji ƙansa, ban riƙe shi da komai ba. Amma ina son jin ra'ayinku: wannan mantuwa da aka yi da Tom kuskure ne na marubuta, ko da gangan aka yi? Kuma fim ɗin da ya kafa kansa a kan cewa soyayyar uba da ɗa na ratsa zamani, ya dace ya manta da rabin 'ya'yan?

---

Malamin_Fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya saka maka da alherin riƙon gida.

Ni koyar da fiziks nake yi a sakandare, kuma duk shekara sai na nuna wa 'yan aji shida wurin duniyar ruwan nan, saboda haka bari in fara ta inda na fi ƙarfi.

Shekara 23 ɗin da ka ambata ba sihirin fim ba ne. Lissafin Einstein ya nuna cewa inda ƙarfin janyowa ya fi tsanani, lokaci ya fi tafiya a hankali. Duniyar ruwan, wadda ake kira duniyar Miller da sunan wadda ta fara sauka a can, tana gab da baƙin rami, wato wurin da janyowarsa ko haske ba ya kuɓuce mata, mai suna Gargantua, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai na rana miliyan 100. Shi ya sa awa ɗaya a can take daidai da shekara 7 a nan. Sun yi awa uku da ɗan ɗoriya, Romilly da suka bari a kumbo ya yi furfura yana jira. Abin yana faruwa ma a kanmu kullum, sai dai kaɗan ne. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana rigan na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan bambanci, da taswirar wayarka ta kai ka wata unguwa daban. In na faɗa wa yara haka sai aji ya yi tsit. Akan samu wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamar Ashabul Kahfi da suka yi shekara 309 suna zaton wuni ɗaya ne?" Nakan ce musu wancan aya ce daga ayoyin Allah, ba lissafina ba ne ya kai can, amma ruɗanin da mutum zai shiga in ya farka ya tarar zamani ya wuce shi, wannan kam iri ɗaya ne.

Wanda ya tsaya wa fim ɗin ta fuskar kimiyya shi ne Kip Thorne, kuma a 2017 ya samu lambar Nobel kan aikin gano igiyoyin janyowa. Da lissafinsa aka zana baƙin ramin, hasken da ke bayansa ya lanƙwaso ta sama da ƙasa kamar rawani. Da aka fitar da hoton farko na baƙin rami na gaske a Afrilun 2019, na M87, zobe ne na haske da duhu a tsakiya, sai dai gefe ɗaya ya fi haske. Nolan ya san haka ya kamata, ya daidaita hasken don kar masu kallo su rikice. Aikin zanen ya ci Oscar, kuma ya cancanta.

Inda nake da ƙorafi uku ne. Daga duniyarmu sai da katafariyar roka mai hawa-hawa suka tashi, amma daga duniyar Miller, wadda janyowarta ta fi tamu, ɗan ƙaramin jirginsu ya tashi shi kaɗai kamar tsuntsu. Sannan masana huɗu suna zaune, sun san lissafin awa ɗaya shekara 7, amma ba wanda ya ce, "To ai ita Miller a agogonta ba ta fi awa ɗaya ko biyu da sauka ba, wane bayani za ta iya tattarawa?" Sai bayan igiyar ruwa ta tafi da Doyle, ɗaya daga cikinsu, suka tuna. Ɗalibina mai ƙwazo ba zai yi wannan sakaci ba. Sai gajimaren ƙanƙara a duniyar Mann, duniya ta biyu da suka sauka, da ke rataye a sama jirgi na karo da shi. Me ya riƙe shi?

Batun Tom kuwa, ina ganin lissafi ne ya ci shi. Tsakanin Cooper da gida an yi asarar shekara 23, aka ƙara 51 wajen zagaye Gargantua. Tom ya girmi Murph da shekara biyar, ga huhun da ya sha ƙura. Babu shakka ya riga ya rasu. Sai dai na yarda da kai, jimla ɗaya ta isa a rufe wannan ƙofa, kuma ba a yi ta ba.

---

Maman_Hanan ta amsa:

Yaya, labarin kaset ɗinka ya sa ni hawaye, wallahi. Amma ka bari in tsaya wa Murph, don ina ganin ba ka yi mata adalci ba.

Ka ce ba ta turo saƙo ba. Shirun nan ai shi ne saƙon. Yarinya ce 'yar shekara 10, ba uwa, ubanta ne duniyarta gaba ɗaya. Ta roƙe shi, ta nuna masa littattafan da suka faɗo daga kanta suna cewa ya zauna, amma ya tafi. Ko ranar dawowa bai iya faɗa mata ba. Tom ya haƙura ya binne uban a zuciyarsa, ya samu sauƙi. Ita ta kasa binnewa. Ta kwashe ƙuruciyarta gaban allon Farfesa Brand tana fama da lissafin da tsohon ya san tun tuni ba zai warwaru ba sai da bayanin cikin baƙin rami, ya ɓoye mata har sai da yana gargarar mutuwa. Ka tuna saƙon da ta aika bayan nan, tana tambaya ko ubanta ya sani, ko da saninsa ya bar su su shaƙe? Wanda ya daina so ba ya irin wannan tambaya.

Kuma gonar da ta ƙona, ba don ƙeta ba ne. Lois matar Tom na tari, yaron na tari, likita ya ce ba za su kai labari ba in suka zauna. An riga an binne yaro ɗaya. Mu mata mun san irin wannan maigidan, mutumin kirki, mai riƙon amana, amma ya rantse ba zai bar gidan gado ba ko da rufin zai faɗo kan iyalinsa. Ban ga fim ɗin ya mai da Tom mugu ba. Na ga mutum ne da aka ce masa "riƙe nan har in dawo", ya riƙe har riƙon ya zame masa ciwo.

Ni abin da ya ɓata mini rai daban ne. Mace ɗaya tak aka sa a cikin tafiyar, Amelia Brand, masaniya mai digiri. Da aka zo zaɓar tsakanin duniyar Mann da ta Edmunds, masanan da aka riga aka tura bincike, maimakon a bar ta ta kare ra'ayinta da hujja, sai aka sa mata dogon jawabi a baki kan cewa so wani ƙarfi ne da ya wuce zamani da wuri, don tana son Edmunds. Alhali tana da hujja mai kyau, ta ma fara faɗinta: kusa da baƙin rami abubuwan da ke kawo rai ba sa samun isowa, ramin ke haɗiye su. Aka bar wannan aka kama zancen zuciya, maza suka kalle ta da tausayi suka ƙi zaɓinta. A ƙarshe ita ce da gaskiya, Mann ƙarya ya shirga don a zo a cece shi. To me ya hana gaskiyarta ta fito ta hanyar iliminta?

Sannan haɗuwar ƙarshe. Shekara kusan tamanin tana jira, aka sa ta barcin sanyi don ta kai ga ganinsa, ya shigo, minti biyu zuwa uku ta ce ya tafi wajen Brand. Ga jikoki da tattaɓa-kunne cike da ɗaki, jininsa ne duka, ba wanda ya gaishe shi, shi ma bai dubi fuskar kowa ba. A gidan wa ake haka? Ko baƙo ne ai a ba shi ruwa.

---

Sarkin_Kallo ya amsa:

Ni dai a bar ni da wurin da Mann ya fasa kumbo, babban kumbon nasu, Endurance, na juyi kamar katantanwa, Cooper ya daidaita juyin jirginsa da nata ya manne. Ban taɓa riƙe numfashi a fim kamar nan ba. Kiɗan Hans Zimmer ne ya ɗauki wurin, da ogan ɗin nan mai bututu da aka naɗa a wani tsohon coci a Landan. Amma kiɗan nan shi ne kuma matsalar: yana danne magana. Wurin mutuwar Farfesa Brand, maganar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta, ba na jin komai sai da na kunna rubutun ƙasa. Tun fitowar fim ɗin mutane suka yi ta wannan kuka a gidajen sinima, Nolan ya ce da gangan ya yi.

Manomi, ga wadda za ta yi maka daɗi: masarar nan ta gaske ce. Kimanin eka 500 suka shuka a Alberta ta Kanada saboda fim ɗin, suka sayar da wadda ba a ƙona ba. Ruwa da ƙanƙarar kuma a Aisland aka ɗauka.

TARS, mutum-mutumin da ke tare da su a kumbo, ya fi rabin mutanen fim ɗin hankali, wannan ba na jayayya da kowa a kai.

---

Baƙo_a_Jidda ya amsa:

Salam. Ɗan'uwa Manomi, ni ta ɗaya gefen kaset ɗin nake. Shekarata shida a nan ina tuƙi, sau ɗaya na je gida. Na bar namiji mai shekara 13 da mace mai shekara 4.

Da na karanta rubutunka sai na buɗe WhatsApp na duba saƙonnin da nake tura musu. Na yarinyar: me kika ci, wa ya yi miki kitso, rera mini karatun Islamiyya. Na yaron: an biya kuɗin wuta? ka kai wa kakarka magani? me ya sa ba ka ɗauki waya ba jiya? Ban taɓa lura ba sai yau. Ba wai na fi son ta ba ne, Allah shaida. Shi na jingina da shi, ita nake jin tsoron ta manta fuskata. Wanda ka jingina da shi ba ka waiwaya ka dube shi, kamar bango ne a bayanka. Ina zaton haka mahaifinka yake, kuma ina zaton haka Cooper yake. Ko Nolan ya yi da gangan ko bai yi ba, abin da ya nuna haka yake faruwa.

Abin da ban gamsu da shi ba a fim ɗin shi ne cikin baƙin ramin. An ce mutanen gaba ne suka buɗe ɓarauniyar hanyar kusa da Zuhal da kumbon ya bi ya isa waɗancan duniyoyin, suka gina ɗakin nan mai kantocin littattafai don Cooper ya aika wa Murph bayani ta hannun agogo. To su mutanen gaban, wa ya cece su har suka kai gaban? Kaza ta haifi ƙwan da ta fito daga cikinsa ke nan. Kuma a ce duniya na ƙarewa, mutane na binne 'ya'yansu, a cikin awa uku ba a ga mutum ɗaya ya ɗaga hannu sama ya roƙi Ubangijinsa ba. Ko a Amurkar ma ba haka manoma suke ba.

Yau in na tashi aiki yaron zan kira, ba zan tambaye shi kuɗin wuta ba.

---

Manomin_Bakori ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Malam, lissafin shekarun ya shige ni, na yarda Tom ba zai kai ba. Da ma ba cewa na yi a raya shi ba. An gina irin gidansu a tashar, an mai da shi gidan tarihi, Cooper ya zauna a barandarsa da TARS. Gidan nan Tom ne ya riƙe shi fiye da shekara ashirin. Da an sa uban ya tsaya gaban hotonsa ko na sakan biyar, da ban buɗe wannan zance ba.

Maman Hanan, kin kayar da ni a batun gonar. Na sake kallon wurin jiya. Da Tom ya dawo daga kashe wuta, fuska duk baƙin hayaƙi, Murph ta fito da agogo a hannu ta rungume shi, shi kuma ya tsaya ƙiƙam bai san me ake ciki ba. Da ina ganin wulaƙanci ne. Jiya na ga cewa duk duniya shi ta fara kai wa albishir cewa Baba bai yashe su ba. Zancen jikokin kuma gaskiyarki, ni ma ya dame ni.

Alhaji na Jidda, ban san me zan ce maka ba. Ran da Baba ya dawo, ina ɗan shekara 20, na fito daga gona da laka har gwiwa. Ya buɗe jaka yana rabon tsaraba, ya miƙo mini takalmi sau-ciki baƙi, mai kyau, an naɗe shi a takarda. Lamba 38 ne, ni kuwa lokacin 43 nake sawa. Ya dubi ƙafata, ya dubi takalmin, ya kasa magana. Na karɓa na ce ya yi daidai. Yana nan cikin akwatin Inna tare da kaset guda huɗu, ban taɓa sake sauraronsu ba tun rasuwarsa.

In akwai wanda ya san mai gyaran rediyo a Funtua ko Zariya da ke iya juye kaset zuwa waya ba tare da zaren ya tsinke ba, don Allah ya yi mini kwatance. Ɗaya daga cikinsu ya fara cin danshi a gefe.